Sunan da Na Rubuta a Takardar Hawan Dutse

Jama'a, na ga saƙonninku. Masu cewa ko aure na yi na manta da ku, da masu cewa ko wayata ce ta faɗa ruwa. Babu ko ɗaya. Zama ne ya gagare ni. Sati guda ke nan in na zauna sai in ji kamar da ƙaya a kujerar, in na miƙe kuma in rasa inda zan nufa. Yau dai na ce ko a tsaye ne sai na rubuta muku, don in ban amayar ba cikina zai iya fashewa.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Afnan, shekarata ashirin da huɗu, ina digiri na biyu. Abbana, Dakta Abdulnasir, koyarwa yake a wata jami'a a nan Kuala Lumpur, tun ina 'yar shekara tara muka baro Kano. A Cheras muke, hawa na goma sha huɗu, daga ni sai Abba sai Umma, don yayana Umair ya koma gida da iyalinsa. Akwai wanda yake nemana da aure, Hambali, mai aikin tura kaya Kano daga wani ɗan ofis a Chow Kit. Sannan akwai abin da na ɓoye wa gidanmu shekara biyu cur: ni mai hawan dutse ce.

Na san wata a cikinku ta yi dariya yanzu. Bahaushiya da hawan dutse! Ni ma da farko dariyar na yi. Wata ƙawata ce ta ja ni bayan Batu Caves, wurin da ake kira Gua Damai, wai mu je kallo. A nan na ga wata mata 'yar Malay, Kak Suraya, uwar 'ya'ya uku, da ɗankwalinta a ƙarƙashin hular kwano, tana maƙale a jikin dutse kamar ƙadangare. Da ta sauko ta dube ni ta ce, "Boleh, gwada," wato za ki iya. Ta ɗaura min ɗamarar igiya a ƙugu. Na hau kamu biyar, na sauko ina salati. Asabar ta gaba ni kaɗai na koma. A gida kuwa, duk Asabar ina laburare.

Watan Yuni ƙungiyar Kak Suraya ta zaɓi mata shida da za su je Nepal su hau wani dutse mai suna Imja Tse. Ba irin namu na nan ba ne mai bishiyoyi da birai. Ya haura mita dubu shida, ƙasansa duwatsu, samansa ƙanƙara zalla. Da aka karanto sunana a cikin shidan, banɗaki na shiga na yi kukana na fito. A gida sai na ce makaranta ce za ta kai mu taron ɗalibai na sati uku a Kathmandu. Allah Ya yafe min. Abba har addu'a ya yi min.

Tun daga nan kullum bayan sallar asuba sai in zura buhun shinkafar Umma mai kilo goma a jakar goyo, in sa dogon wando da riga mai faɗi da hijabin roba, in sauka ƙasa a lif, in hawo da ƙafa. Sau huɗu. Ranar Litinin ɗin da zan ba ku labari, saura kwana goma sha tara tafiya, na shigo gumi har cikin idona, sai ga Umma a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Ke, ina buhun shinkafata?"

Na tsaya ina haki. "Wane buhu, Umma?"

"Buhu nawa gare ni? Kullum da safe sai in neme shi in rasa, kafin hantsi ya dawo da kansa. Na ce ko aljanun gidan nan ne suka fara cin tuwo."

Na sauke jakar a hankali. Ta leƙa ciki, ta dube ni daga sama har ƙasa, sai ta yi wani murmushi. "Oho. Ramar amarci ake nema. To ki bi a sannu, dangin miji ba sa son amarya kamar sillen kara."

Na yi dariyar yaƙe na shige ɗaki. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ina ajiye jakar waya ta yi ƙara. Saƙo ne daga Dawa, jagorar da za ta hau da mu. Mace ce 'yar can yankin duwatsun, mun yi magana da ita ta bidiyo sau uku. Fuskarta duk sanyi ya ƙone kumatun, ba ta da yawan dariya, kuma ba ta san kwana-kwana a magana ba. Ita ta zayyana mana abin da ke gabanmu: kwana tara muna tafiyar ƙasa muna hawa a hankali don jiki ya saba da ƙarancin iska, sannan hawan duwatsu da hannu da ƙafa, sannan inda za a ɗaura wa takalmi haƙoran ƙarfe a shiga ƙanƙara, a ɗaure mu a igiya ɗaya. Akwai tsagar da ƙanƙara ta buɗe baki, ba a ganin ƙasanta, tsani ake shimfiɗawa a taka a ƙetare. Daga nan sai bangon ƙanƙara a tsaye, a hau da igiya. Dokarta ta farko: in ta ce a juya, an juya, ko da ƙololuwar tana gaban hancinki.

Dokarta ta biyu ce ta kama ni. Kowace a cikinmu ta cike takarda, akwai gurbin da aka ce a rubuta sunan makusancin da za a kira in wani abu ya faru. Na daɗe ina kallon gurbin nan. Sunan Abba ya kamata. Sai na rubuta Hambali, na sa lambarsa, a wurin dangantaka na rubuta "iyali". Na ɗauka takarda ce kawai da za a jefa a durowa.

Saƙon Dawa layi biyu ne: "Wannan satin zan kira mutanen da kuka rubuta. Ba na hawa da wadda gidansu ba su san inda take ba."

Na ɗauki waya zan kira Hambali, na ajiye. Na rubuta masa "Barka da safiya, akwai wata 'yar magana", na goge. Shi ya san ina zuwa Gua Damai, ya taɓa raka ni ma, ya zauna can nesa a gindin bishiya ya juya wa dutsen baya, don mutum ne da ko a monorel, jirgin nan mai bi ta saman titi, ba ya yarda ya kalli ƙasa. Ya san ba taro ne zai kai ni Nepal ba, amma abin da na ce masa shi ne yawon buɗe ido ne a cikin tsaunuka, ana tafe ana ɗaukar hoto. Na yi ta jan ƙafa, gobe, anjima, har Laraba.

Laraba da azahar ina aji saƙonsa ya shigo.

"Ina mamak ɗin Sri Petaling. Ki zo in kin fito."

Babu sallama, babu ɗan hoton zuciyar nan da yake liƙawa. Na rubuta, "Lafiya?"

"Ki zo dai."

Na same shi a mamak ɗin, gidan shayi da abinci na Indiyawan nan, a teburin lungu ƙarƙashin fanka, cikin shadda ruwan toka da hula zanna, shayin madararsa na teh tarik har ya yi fata a sama bai taɓa ba. Na ja kujera, na gyara mayafina da bai goce ba.

"Wata mata ta kira ni daga Nepal," ya ce. "Ta tambaye ni ko ni ne mijinki."

"Me ka ce?"

"Na ce tukuna. Ta ce to ni wane ne? Afnan, na rasa amsar da zan ba ta. Ina tsaye a tsakiyar kwalaye, ana ta auna kaya, wata baƙuwa tana tambayata ko na san nau'in jininki, ko na yarda a ɗauko ki da jirgi mai saukar ungulu in numfashinki ya sarƙe."

"Ai ka'ida ce kawai, kowa ma..."

"Na ce mata ba yawon ɗaukar hoto ba ne? Sai ta ce bari ta gaya min gaskiya." Ya juyo min da wayarsa. Hoton tsanin nan ne a kan tsagar ƙanƙara, wani yana takawa, ƙasa baƙi ƙirin. "Wannan za ki taka?"

"Da igiya a jikina. Biyu ma."

"Wannan za ki taka, Afnan?"

"Eh."

Ya kife wayar. Na kau da kai na kama kallon mai toya gurasar roti.

"Ban kira ki don in hana ki ba," ya ce. "Ban isa ba tukuna, kuma ko na isa ban san ko zan iya ba, na ga yadda fuskarki take in kin sauko daga dutsen nan. Amma ba zan zauna a gurbin Abba ba. Yau in wani abu ya same ki, ni za a kira. In hau hawa goma sha huɗu, in ƙwanƙwasa, in ce wa Umma me? 'Yarki da kika sani a ɗakin taro tana cikin rami?"

"Kada ka yi min baki."

"Ba baki nake miki ba. Ki gaya musu kafin Asabar. In ba ki faɗa ba, ni zan je."

Nan fa raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda ya san ba shi da gaskiya. "Wato tona min asiri za ka yi? Ashe haka kake? Tun ba a kawo ko sisin gaisuwa ba ka fara ba ni wa'adi?"

"Maganar gaisuwar ce ta biyu," ya ce a hankali. "Baffa Datti ya sayi tikiti. Ran ashirin ga Oktoba zai sauka, kwana biyar zai yi. Zai ga Abba, kuma ya ce ba zai sa baki a maganar sa rana ba sai ya ga yarinyar da idonsa."

Baffa Datti ƙanin mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi tun yana shekara shida da mahaifin ya rasu, shi ya koya masa kasuwa. Ran ashirin ga Oktoba kuwa, a lissafin Dawa, ina cikin tanti a gindin Imja Tse.

Na miƙe na ɗauki jakata. Ya ce, "Ko ruwa ba ki sha ba." Ban juyo ba. A jirgin komawa gida na tsaya duk da ga kujeru, na wuce tasharmu ban sani ba, sai da na dawo baya.

Alhamis ban iya komai ba. Na wanke banɗaki sau biyu. Na fito da kayan durowata na ninke na mayar. Na buɗe hirarmu da Hambali ya fi sau talatin, yana kan layi, ina kan layi, ba wanda ya ce uffan. Na tsara ƙarya uku sababbi, kowace na bi ta sai in ga ta ƙare a ƙofar Umma. Har na rubuta wa Kak Suraya cewa na janye, yatsana yana kan turawa, sai na tuna safiyoyin nan da buhun shinkafa, na ji ba zan iya ba.

Juma'a bayan Abba ya dawo masallaci, an ci dambun shinkafa an kwashe kwanuka, yana kishingiɗe da jallabiyarsa yana duba waya, Umma tana ninke sallaya. Na shiga ɗaki na jawo jakar da na ɓoye a bayan akwatunan saman durowa. Na kawo tsakiyar falo, na durƙusa, na zuge.

Na fara fito da su ɗaya bayan ɗaya a kan kafet. Takalma masu nauyi kamar na soja. Hular kwano. Ɗamara. Rigar sanyi ja mai kumburi. Haƙoran ƙarfen nan guda biyu, sai gatarin ƙanƙara.

Umma ta ɗauki gatarin da yatsa biyu. "Wannan kuma na saran wa ne?"

"Umma, Abba, ƙarya na yi muku. Babu wani taro."

Na faɗa musu komai, kaina a ƙasa, tun daga ranar farko a Gua Damai har sunan da na rubuta a takarda. Har ƙaryar laburaren Asabar ban ɓoye ba.

"Shekara biyu," in ji Umma. "Shekara biyu ina zuba miki abinci a kula, ina cewa 'yata tana can tana karatu, ashe kina can kina rataye a jikin dutse kamar jemage. Da kin faɗo fa? A laburare zan je neman gawarki?"

"Ki yi haƙuri, Umma."

"Shinkafata ma ashe... Innalillahi. Ni ina nan ina miki tsiyar amarci." Ta juya wurin Abba. "Dakta, ka ji fa. Ka yi magana mana. Me aka rasa a ƙasa da za a je nema a kan ƙanƙara? Mu da ko sanyin AC na kanti ba ma jurewa!"

Abba ya cire tabarau ya goge da bakin jallabiya. Ya ɗauki haƙoran ƙarfen ya juya su, ya taɓa tsininsu da babban yatsa.

"Hawan dutsen daban," ya ce. "Abin da ya fi min ciwo, aka ce ki rubuta wanda za a kira in kina tsakanin rai da mutuwa, kika duba duk duniya ba ki ga ubanki ba."

Wallahi da mari ya kai min. Hawaye suka ɓalle min, na kasa ko ba da haƙuri.

"Shi yaron ne ya sa ki faɗa?"

Na gyaɗa kai.

"To ya fi ki hankali." Ya miƙe. "Ni ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Uwarki ta yi naƙudarki. Abin da ta yanke shi ne."

Ya shige ɗaki. Umma ta zauna tana kallon kayan nan kamar an baje mata kayan boka. Na jira tsawa, na jira ta ce in kwashe in mayar inda na samo. Can sai ta ce, "Gobe Asabar ko? Akwai laburare?"

"Akwai, Umma."

"Da ni za a je. In ga abin da ya fi ni daraja."

Washegari da hantsi muka sauka daga tasi a Gua Damai. Ku zo ku ga Umma: atamfa shuɗiya ɗinkin riga da zani, mayafi babba, jaka a hammata, takalmi mai ɗan tudu, tana ratsa tsakanin 'yan Malay da 'yan China masu gajerun wanduna da igiyoyi a kafaɗa. Wani biri ya leƙo jakarta ta daka masa tsawa da Hausa, ya kama gabansa. Kak Suraya ta taho da sauri ta kama hannunta ta kai goshi, ta kawo mata kujerar roba. Umma ta ƙi zama. Da Malayancinta na kasuwar Chow Kit ta ce a nuna mata igiyar. Ta murza ta, ta ja, ta kai hanci ta sansana.

"Wannan siririyar? Ko akuya ban yarda in ɗaure da ita ba."

Kak Suraya ta nuna mata ƙullin da ke ɗamarata, ta nuna mata ƙarfen da igiyar take bi a nata ƙugun, ta ce in na zame ita za ta riƙe ni. Umma ta dubi Kak Suraya, wadda ban fi ta nauyi da komai ba sai kaɗan, ta ce, "Hm."

Na shafa farin garin alli a hannu don hana santsi, na yi bismillah, na kama dutse. Hanyar da na zaɓa na hau ta ya fi sau ashirin. Amma ranar ta zo min daban. Ina jin idon Umma a tsakiyar bayana. Na wuce rabi, na zo inda dutsen ya turo ciki waje, wurin da sai ka saki hannun hagu ka miƙa dama ka cafki wani ɗan lungu. Gumi ya jiƙa tafina. Na miƙa, yatsuna suka taɓa lungun, suka zame.

Na tafi.

Faɗuwar ba ta fi ƙiftawar ido ba, igiya ta cafke ni, na yi lilo na bugi dutsen da gwiwa. Amma ihun da Umma ta yi, har tsuntsaye sai da suka tashi. "Wayyo Allah 'yata! La'ilaha illallahu!"

Ina rataye ina juyawa a iska, na leƙa ƙasa. Jakarta a ƙasa, mayafin ya zame kafaɗa, hannunta biyu ta damƙe igiyar a bayan hannun Kak Suraya, ta tirje da takalmin nan mai tudu kamar mai jan guga. Kowa ya daina abin da yake ya zuba mana ido.

Na ce a raina shi ke nan, Nepal ta tafi. Na ɗaga murya, "Kak, sauke ni."

"Kin ji ciwo?" Umma ce.

"A'a, Umma. Gwiwa ce kawai na ɗan goge."

"To sauka ki yi me? Kin tara min jama'a, kin tsinka min hanji, sannan ki sauko hannu rabbana? Koma ki kama inda kika saki!"

Ban san sanda dariya da kuka suka haɗe min ba. Na goge hannu a wando, na ƙara gari, na koma jikin dutsen. Wannan karon da na miƙa, lungun ya zauna a hannuna. Da na taɓa ƙarfen ƙarshe a sama na ji ana tafi a ƙasa, na leƙo, Umma ba ta tafa ba. Har lokacin igiyar tana hannunta.

Da na sauko ta duba gwiwar, ta ciro man zafi a jaka ta shafa min da ƙarfi kamar da gayya. "Kada ki ɗauka na yarda," ta ce. "Kira min matar can ta ƙanƙara."

Muka koma gefe ƙarƙashin rumfa, na kira Dawa ta bidiyo, Allah Ya sa tana gari. Umma ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da fuska, ni ina fassara.

"Tambaye ta, tana da 'ya'ya?"

Dawa ta ce biyu, mace da namiji.

"In ta tafi dutsen wa take bar wa su?"

Ta ce mahaifiyarta.

"Ita uwar tata, tana iya barci in ta tafi?"

Da na fassara, Dawa ta yi murmushi. Karo na farko da na ga haƙoranta. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, har yau in ta fita tsohuwar ba ta cin abincin kirki sai ta dawo.

Umma ta gyaɗa kai a hankali. "To wannan ba maƙaryaciya ba ce. Ce mata ta yi min alkawari za ta dawo min da ke."

Dawa ta ce ba za ta yi alkawarin abin da ba a hannunta yake ba. Ba ta da iko da iska, ba ta da iko da ƙanƙara. Abin da za ta iya, in ta ga jikina ko sama ba su yi mata ba, za ta juyo da ni ko ina kuka, ko ina zaginta.

"Tana da taurin kai fa," in ji Umma.

Dawa ta ce ta lura.

Umma ta miƙo min wayar, ta gyara mayafinta, ta daɗe tana kallon dutsen. "Ki goge sunan yaron mutane daga takardar nan. Ki sa na ubanki, ki sa nawa a ƙasa. Kuma duk inda kika samu layi, ko da na minti ɗaya ne, ni za ki fara kira, ba shi ba."

Na rungume ta a gaban kowa, ta ture ni wai ina warin gumi.

A tasi muna komawa, ina jin kamar in buɗe ƙofa in yi ta gudu. Na ciro waya zan rubuta wa Hambali albishir, in haɗa da ban haƙurin abin da na yi masa a mamak, sai na tarar ya riga ni. Saƙon murya ne, minti huɗu. Na kai wayar kunne, Umma ta ce, "Sa a fili. An gama ɓoye-ɓoye a gidan nan."

Na danna. Muryarsa ta fito a dishe.

"Afnan, na ga bai dace in sa ki faɗi gaskiya ni in ɓoye ba, don haka jiya na kira Baffa na gaya masa komai, na roƙe shi ya ɗaga zuwansa zuwa Nuwamba. Ya ce shi ba ya ɗaga tafiya saboda yarinya ta tafi hawan dutse. Ya ce in ya sauka ran ashirin bai same ki ba, to ya gane amsar gidanku, kuma in nemi wani uban ya shige min gaba. Kin san tunda ya ɗauke ni ban taɓa mayar masa da magana ba. Jiya na mayar. Na ce ko da shi ko ba shi, ke zan aura. Ya kashe waya. Na kira sau tara bai ɗauka ba..."

Zuciyata ta cika, har na fara murmushi. Na juyo in ga ko Umma ta ji irin mijin da Allah Ya ba ni. Sai na ga fuskarta ta canza, ta fi yadda take a gindin dutsen tsanani. Ta sa yatsa ta tsayar da saƙon da kanta.

"Murnar me kike?" ta ce. "Maraya ya ɗaga wa wanda ya riƙe shi murya saboda ke, kina washe baki? Dutse na yarda ki hau, don na ga abin da zai riƙe ki in kin zame. Gidan da za ki shiga ta kan rigima, wa zai riƙe ki a can? Ni ba zan ba da 'yata a haka ba. Ki gaya masa kada ya sake tako min gida sai da Baffansa a gaba."

Direban tasi ya tambaya ko a nan zai sha kwana. Umma ta nuna masa hanya da hannu.

Saura kwana goma sha huɗu jirginmu ya tashi. Takardar tana gabana, na gyara ta, sunan Abba a sama, na Umma a ƙasa. Hambali kuma tun ɗazu yake turo min, "Kin saurara? Me Umma ta ce?" Sau huɗu ina fara rubuta masa amsa ina gogewa, ga shi yanzu wayar tana ruri a hannuna, sunansa ne a kai.